Shatar Mota Zuwa Dutsen Fuji: Ziyara Ko Farautar Hoto?

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilimi, sun kuma ce gani ya kori ji. Sai dai akwai ganin da ba ya korar komai, domin mai yin sa yakan koma gida da jahilcin da ya fito da shi, illa dai ya ƙaru da hotuna. Irin wannan gani ne ya yawaita a gindin Dutsen Fuji na ƙasar Japan, inda baƙi kan yi shatar ƙaramar bas daga birnin Tokiyo, su fita da sassafe su dawo da almuru. Manufar wannan maƙala ita ce a auna wannan ɗabi'a, a ga abin da take ba matafiyi da abin da take hana shi, da kuma nauyin da take ɗora wa masu gari.

Dutsen da Matsayinsa

Fuji shi ne dutse mafi tsawo a Japan, tsayinsa mita 3,776, yana kimanin kilomita 100 daga Tokiyo. Dutse ne mai aman wuta, kuma amansa na ƙarshe a shekarar 1707 sai da ya zubar da toka har cikin birnin Edo, wato Tokiyo ta yau. Tun zamanin da Japanawa suke girmama shi bisa ga addininsu na gargajiya. A zamanin Edo akwai ƙungiyoyin masu ziyara da ake kira Fuji-ko, waɗanda kan sa fararen tufafi su yi kwanaki suna tafiya a ƙasa, su sauka a gidajen masu masauki a garin Yoshida kafin su fara hawa. Hasali ma sai a shekarar 1872 aka ɗage dokar da ta hana mata hawansa. Da hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2013, ta yi haka ne saboda matsayinsa a wajen ibada da fasahar zane, kamar zane-zanen Hokusai na wajen shekarar 1830. Wannan shi ne wurin da ake so a gama da shi tsakanin hantsi da la'asar.

Amfanin Shata

Adalci ne a fara da faɗin alherin motar shata. Gaskiya ne akwai jirgin ƙasa da manyan bas-bas da ke zuwa tafkin Kawaguchi daga unguwar Shinjuku cikin kimanin awa biyu, amma wuraren kallon a warwatse suke, kuma motocin da ke zagayawa tsakaninsu kan cika maƙil a lokacin da baƙi suka yi yawa. Iyalin da ke tafe da tsoho, ko mai jego, ko wanda ba ya iya doguwar tsayuwa, babu abin da ya fi musu sauƙi irin motar da za ta ɗauke su a ƙofar masauki ta mai da su can. Idan mutum shida ko bakwai suka haɗa kuɗi, abin da zai faɗo kan kowa ba zai yi tsanani ba. Bugu da ƙari, direban da ya san hanya yana iya duba sama ya sauya tsarin tafiyar, ya fara da inda dutsen ya fito sarai kafin gajimare ya rufe shi.

Inda Gizo Ke Saƙa

Matsala ta farko ita ce lissafin lokaci. Galibin irin wannan shata ba ta wuce awa goma, kuma zuwa da dawowa kaɗai kan cinye awa huɗu, ko fiye da haka idan aka faɗa cunkoson yammacin ranakun hutu a babbar hanyar Chuo. Abin da ya rage shi ake rabawa tsakanin wurare biyar ko shida, har da cin abinci. Sakamakon haka kowane wuri sai ya tashi da 'yan mintoci.

Alal misali, hasumiyar Chureito da ke garin Fujiyoshida, wadda hotonta ya game duniya, sai an taka matakala 398 kafin a kai gare ta. An gina ta ne domin tunawa da mutanen garin da suka mutu a yaƙe-yaƙe. Baƙon da aka ba minti arba'in zai hau yana haki, ya bi layi, ya ɗauki hoto, ya gangaro a guje, ba tare da ya san cewa wurin juyayi ya taka ba. Haka nan tafkunan nan takwas na Oshino Hakkai, waɗanda ruwansu narkakkiyar ƙanƙarar dutsen ce da ta daɗe tana tacewa a ƙarƙashin ƙasa. A da masu ziyara a nan suke tsarkake jiki kafin hawa, amma yanzu sai an yi ta roƙon baƙi su daina jefa sulalla a ciki.

Matsala ta biyu ita ce yanayi, wanda kuɗin shata ba ya sayensa. A watannin Yuni zuwa Agusta gajimare da hazo kan lulluɓe dutsen kwanaki da yawa, kuma farin rawanin ƙanƙarar da aka san shi da shi kan narke. Lokacin sanyi ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iska kan bushe a gan shi tangararan, musamman da sassafe. Wanda ya ware wa Fuji yini ɗaya tak a tsakiyar damina, caca ya yi da kuɗinsa.

Matsala ta uku ta shafi doka da lafiyar fasinja. A Japan motar da aka ba izinin ɗaukar mutane don kuɗi koriyar lamba take ɗauka, farar lamba kuwa ta motar gida ce. Yin haya da mota mai farar lamba ba tare da izini ba laifi ne, amma duk da haka ana samun masu tallata irin wannan shata ta intanet a kan farashi mai rahusa. Idan aka yi haɗari, fasinja na iya tarar da cewa babu inshorar da doka ta wajabta wa motocin haya. Araha, in ji Hausawa, ba ta ado.

Kukan Masu Gari

Abin da ya fi kowanne nauyi shi ne halin da mazauna gindin dutsen suka shiga. A shekarar 2024 baƙi fiye da miliyan 36 ne suka shiga Japan, kuma Fuji na cikin wuraren da suka fi jan su. A garin Fujikawaguchiko wani hoto ya yi tashe, wanda ke nuna dutsen kamar ya zauna a kan rufin wani kanti. Nan da nan sai gefen titin ya koma dandali: ana tsallaka hanya ba bisa ƙa'ida ba, ana ajiye motoci a harabar mutane, ana zubar da shara. Da gargaɗi ya ƙi ci, a watan Mayu na 2024 hukumar garin ta kafa baƙin labule mai tsawon mita 20 da tsayin mita 2.5 don ta tare dutsen. Cikin 'yan kwanaki aka fara huda shi domin a zura kyamara. An sauke shi a watan Agusta na shekarar saboda guguwar da ke tafe. Duk garin da ya kai ga rufe abin alfaharinsa da hannunsa, to tura ta kai bango.

Ba za a ɗora wa motocin shata laifin nan duka ba, amma suna da kasonsu. Babbar bas tana da tasha da lokaci, ƙaramar motar shata kuwa tana iya kutsawa kowane lungu ta tsaya duk inda fasinja ya nuna. Daɗin daɗawa, mai zuwan yini ɗaya ba ya kwana, don haka ribar da garin ke samu daga gare shi kaɗan ce idan aka gwada da cunkoson da ya jawo. Ko a kan dutsen ma sai da hukuma ta sa hannu: a 2024 jihar Yamanashi ta sa kuɗin shiga yen 2,000 a hanyar Yoshida, ta kuma ƙayyade masu hawa 4,000 a rana, sannan a 2025 kuɗin ya koma yen 4,000 a dukkan hanyoyi huɗu.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa aibin yana ga gaggawar da ake cusa wa motar. Wanda zai yi shata ya kamata ya tabbatar da koriyar lamba tun kafin ya biya, ya zaɓi lokacin sanyi idan da hali, ya kuma taƙaita zangonsa zuwa wuri biyu ko uku, ya karanta tarihinsu kafin ya isa. Ya bar direba ya tsaya a inda aka tanada, ko da kuwa sai an ƙarasa da ƙafa. Wanda yake da sukuni kuma ya kwana ɗaya a bakin tafki, ya ga dutsen da asuba, ya ci abincin garin, ya bar wa masu gari wani abu ban da shara. Mutanen da suka yi kwanaki suna taka ƙasa kafin su iso gindin Fuji sun san darajar abin da suka zo gani, kuma bai kamata sauƙin hanya ya rage wa baƙon yau ladabinsa ba.