Dokta Abdurrahman As-Sumait: Likitan Da Ya Bi Marasa Galihu Har Gida

Ya ku 'yan'uwa Musulmi, a ranar 15 ga Agusta, 2013 ne Allah Ya karɓi ran bawanSa Dokta Abdurrahman As-Sumait, likita ɗan ƙasar Kuwait, wanda ya ƙarar da kusan shekaru 30 na rayuwarsa yana yi wa talakawan Afirka hidima. Mun ga ya wajaba mu tuna da shi a wannan shafi, domin kuwa rayuwarsa hujja ce a kanmu.

An haife shi a 1947. Ya yi karatun likita a Jami'ar Bagadaza, ya wuce Liverpool ta Ingila ya karanci cututtukan ƙasashe masu zafi, sannan ya ƙware a kan cututtukan ciki a Jami'ar McGill ta Kanada. Mai irin wannan ilimi, a ƙasa mai arzikin man fetur, babu abin da zai hana shi zama cikin daula har ƙarshen ransa. Amma da ya je Malawi domin aikin gina masallaci, ya ga yunwa da cuta da jahilci da idonsa, sai zama ya gagare shi. A 1981 shi da abokansa suka kafa kwamitin taimakon Musulmin Malawi, wanda ya bunƙasa ya zama Hukumar Musulmin Afirka, da a yau ake kira Direct Aid, mai aiki a ƙasashe da dama, har da Jamhuriyar Nijar.

Marigayin ya fahimci cewa buhun hatsi ƙarewa yake yi, amma yaron da aka ilimantar shi ne zai riƙe garinsu gobe. Saboda haka bayan rijiyoyi da ɗakunan shan magani, sai ya duƙufa wajen rainon marayu da gina makarantu, har ƙungiyarsa ta kai ga kafa manyan makarantu a Kenya da Somaliya da Zanzibar, inda jami'ar take ɗauke da sunansa. Da aka ba shi Lambar Yabo ta Sarki Faisal a 1996, sai ya mayar da kuɗin waƙafi domin karatun 'ya'yan Afirka. Ko da ciwon suga da na zuciya suka kama shi bai ja da baya ba, ya tare a tsibirin Madagaska tare da mai ɗakinsa, yana karantar da al'ummar Antemoro.

To, mu fa? A ƙauyukanmu har yanzu ana ɗora mai naƙuda a kan amalanke ko babur ana neman asibiti, wata ta cika a hanya, alhali likitocinmu sun taru a birane, wasu kuma sun haura Ingila ko Saudiyya. Mun san ƙarancin albashi da rashin kayan aiki da rashin tsaro duk gaskiya ne, kuma alhakin gyara su yana wuyan hukuma. Sai dai wannan ba zai zama uzuri gare mu ba ranar da za a tambaye mu abin da muka yi da ni'imar da aka ba mu.

Don haka muna kira ga 'yan'uwanmu likitoci da su ware ko da yini ɗaya a wata domin karkara, kuma kowannensu ya ja ɗalibai a jika. Muna kira ga mawadata, musamman masu zuwa Umra kowace shekara, da su ɗauki nauyin ɗan ƙauye ko 'yar ƙauye su karanci aikin jinya ko ungozoma, su koma su amfani mutanensu. Rassanmu kuma su sani cewa wa'azi ya fi shiga zuciyar wanda aka share wa hawaye.

Allah Ya jiƙan Dokta As-Sumait, Ya sa Aljanna ce makomarsa, Ya ba mu ikon koyi da kyawawan ayyukansa, amin.