Sabon faifai, tsohon bashi

A 2008 kamfanin Light in the Attic ya sake buga Cold Fact, kundin da mawaƙin rok Sixto Rodriguez ya fitar a 1970, bisa faifan garmaho. Masu sharhi suka ce an yi masa adalci. Wane adalci? Shekaru sama da 20 ana cinikin waƙoƙinsa a Afirka ta Kudu, shi kuwa yana leburanci a Ditiroyit, bai ma san ya shahara can ba sai 1997. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi! Rodriguez ya rasu a 2023. Kafin ƙungiyoyin al'adu su yi guɗar irin wannan bugu, ya wajaba su tambaya: aljihun wa kuɗin waɗancan shekaru suka shiga?