Kujerar Da Kowa Ke Gudu

A ƙasar Amurka, mutane sama da miliyan 70 suna zaune ne a unguwannin da ƙungiyar masu gidaje ke tafiyar da su. Duk wanda ya sayi gida a irin wannan unguwa ya zama ɗan ƙungiya ko yana so ko ba ya so, kuma wani ɗan kwamiti na mutum biyar ko bakwai shi ke yanka kuɗin da kowa zai biya, shi ke ba da kwangilar gyara, shi ke cin tara. A jihohi da dama ma, wanda bashin ƙungiya ya taru a kansa ana iya kai wa ga sayar da gidansa. To amma galibi aikin sa kai ne, ba albashi sai zagi, don haka idan wani ya mutu, ko ya ƙaura, ko ya yi fushi ya ajiye, sai kowa ya sunkuyar da kai.

A jihar Florida, doka ta bai wa sauran 'yan kwamitin damar naɗa wanda zai cike gurbin ba tare da an tara jama'a ba, ko da kuwa mutum ɗaya ne ya rage. Idan kuma kujerun suka zauna wayam har kwamiti ya kasa zama, ɗan ƙungiya na iya zuwa kotu ta naɗa wani bare ya riƙe, a biya shi daga aljihun masu gidajen.

Alal haƙiƙa, kujerar da mutanen kirki ke gudu akwai masu kwana da tashi da tunaninta. Abin da ya faru a Las Vegas ta jihar Nevada tsakanin 2003 da 2009 ya isa misali. Wani ɗan kwangila, Leon Benzer, ya rinƙa bai wa yaransa kuɗi suna sayen gidaje da sunansu, don kawai su cancanci tsayawa takara. Ranar zaɓe kuwa sai a bi jerin sunaye, a tsamo masu gidajen da ke zaune a wasu garuruwa waɗanda aka san ba za su damu ba, a jefa ƙuri'ar jabu da sunansu. Da kwamiti ya faɗa hannu, sai kwangila ta koma kamfaninsa, shari'o'i kuma ga lauyoyin da aka shirya da su. Ƙungiyoyi 11 aka kai wa wannan farmaki. Hukumar FBI ta kai samame a 2008, a 2015 aka ɗaure shi shekara 15 da rabi, amma masu gidaje sun riga sun sha.

Abin lura, ba bindiga ya ɗauka ba. Da halin ko-in-kula na masu gidajen ya ci su.

Kada 'yan'uwa matasa su ce wannan labarin Turawa ne. A sababbin unguwannin Kano, Kaduna da Abuja akwai kwamitocin da ke karɓar kuɗin 'yan sintiri, na gyaran taransifoma da yashe kwata, kuma sau da yawa idan ma'aji ya tashi, shugaba ne ke rada wa abokinsa bayan isha'i cewa ya riƙe kafin a ga hali. "Kafin a ga hali" ɗin nan kan kai shekara biyar.

Matashin da ke haya, ko yake gidan mahaifinsa, watakila ba zai hau kujerar ba, amma shi ake aika da kuɗin wata-wata, saboda haka yana da bakin tambaya cikin ladabi. A sanar da gurbin a fili, mako biyu ko fiye kafin naɗi, a kuma faɗi ranar da riƙon zai ƙare. Wanda za a naɗa ya bayyana ko shi ko ƙaninsa ke sayar wa unguwa siminti ko waya. Tsohon ma'aji kuma ya miƙa littafin kuɗi da rasiɗai a gaban shaidu, a ƙirga abin da ke akwai, a rubuta, kafin sabo ya sa hannu.