GUZURIN YARO ZUWA SANSANIN HUTU



Jama'a masu karatu, a wannan mako za mu taɓa wani al'amari da mutum zai ɗauka aikin tsakar gida ne kawai, alhali kuwa shari'a tana da magana a cikinsa. Waɗansu iyaye daga unguwar Hotoro, cikinsu akwai ma'aikatan masana'antun Bompai da Sharada da Challawa, akwai 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati, sun tambaye mu abin da ya kamata uba ya haɗa wa ɗansa idan zai tafi sansanin hutu a karo na farko. Wato irin taron nan da makarantun Islamiyya da ƙungiyoyin matasa suke shiryawa, a tara yara a wata makarantar kwana, mako guda ko fiye, ana koya musu karatu da ladabi da zaman tare.

Sunan ne baƙo a wurinmu, amma rabuwar yaro da gida don neman ilmi ta daɗe a ƙasar nan. Hanyar da ta ratsa Hotoro ta nufi Wudil har Maiduguri, ita ce hanyar gabas da almajirai suka saba bi. Kayan almajirin da kuwa ba su da yawa: allo da kurtun tawada da alƙalamin gamba, buzu da akushi, sai gafaka ga wanda ya yi nisa a karatu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da kansa ya bi malaminsa, Malam Jibrila, har Agadas. Shi kuwa sansani irin na zamani, a shekarar 1907 ne wani hafsan soja na Ingila mai suna Baden-Powell ya tara yara kimanin 20 a wani tsibiri, daga nan ƙungiyar 'yan sikawut ta samo tushe, ta iso Nijeriya a 1915. A 1954 aka kafa Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi ta Nijeriya a birnin Ikko, ita ce kuma ta shahara da kwas ɗin Musulunci na lokacin hutu wanda ɗalibai suke kira IVC, ana yawan yin sa a watan Disamba. Wanda duk ya yi hidimar ƙasa, wadda aka soma a 1973, shi ma ya ɗanɗana zaman sansani.

To, asalin maganar guzuri yana cikin Suratul Baƙara, aya ta 197, inda aka umarci alhazai da su yi guzuri, aka kuma nuna musu cewa tsoron Allah shi ne mafificinsa. Imamul Buhari ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Abbas cewa waɗansu mutanen Yaman ne suke fitowa aikin hajji hannu rabbana, suna cewa sun dogara ga Allah, in sun iso Makka sai su shiga roƙon mutane, shi ne dalilin saukar ayar. Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da zai tafi neman ilmi ya fita da yaronsa da kifin da za su ci. A daren Hijira kuwa, Nana Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar ita ta haɗa wa Manzon Allah da mahaifinta abinci, da ta rasa abin ɗaurewa sai ta tsaga ɗamararta biyu. Ashe ke nan haɗa kayan matafiyi aiki ne da manyan bayin Allah suka yi.

Iyaye sukan kauce wa wannan hanya ta ɓangare biyu. Akwai mai sakaci, wanda zai tura yaro da riga biyu a leda ya ce ai Allah na nan, ƙarshenta yaron ya wuni yana aron bokiti da roƙon sabulu, ya koyi ƙasƙanci a wurin da aka kai shi ya koyi mutunci. Akwai kuma mai almubazzaranci, wanda zai cika akwati biyu da sababbin shaddoji daga Kantin Kwari da katan-katan na kayan kwalama daga Singa, don a ce ɗan wane ne. Wannan ya jawo wa ɗansa ido, ya karya zuciyar maraya da ɗan talaka da za su kwana ɗaki ɗaya da shi, ya kuma ɗora wa yaro gadin dukiya maimakon sauraron darasi. Ma'aunin da muke bai wa iyaye shi ne wannan: kada a haɗa wa yaro abin da ba zai iya ɗauka da hannunsa ba, ko abin da ba zai iya ƙirgawa ya dawo da shi ba. Kuma tare da shi za a haɗa kayan, shi zai ninke, shi zai jera, a rubuta jerinsu a takarda a manna cikin murfin akwati. Yaron da uwa ta shirya wa jaka yana barci, ba zai san abin da ya ɓata ba sai ya dawo gida.

Abu na farko da zai shiga lissafi shi ne kayan tsarki da salla. A ba shi butarsa ta kansa, da bokiti ƙarami, da sabulun wanka da na wanki, da soso da tawul da asuwaki, da silifa na shiga banɗaki dabam da takalmin fita. A sa masa dadduma da hula, 'ya mace kuma hijabi biyu, domin in ɗaya yana shanya ta sami na salla. A haɗa da izun da yake karantawa, ko Alƙur'ani cikin jakarsa, da littafin rubutu da biro. Tufafi kuwa kala uku ko huɗu sun isa mako guda, masu saukin wanki da bushewa, tare da igiyar shanya da allura da zare.

Na biyu shi ne makwanci. Hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito ya umarci iyaye su hori yara da salla suna da shekara 7, su tsananta a kanta suna da shekara 10, su kuma raba musu makwanci. Don haka kowane yaro ya tafi da tabarmarsa ko katifarsa da mayafinsa, kuma a gaya masa tun daga gida cewa ba a haɗa shimfiɗa da kowa, komai sanyi komai amincin abota. A nan ne ya kamata uba ya dubi lokacin tafiyar. In dogon hutu ne, to damina ta yi tsakiya, Agusta kuwa shi ne watan da ruwa ya fi yawa a Kano, kuma lokacin ne zazzaɓin cizon sauro yake kwantar da yara. Gidan sauro mai magani ya fi duk wata sabuwar riga amfani, sai a koya wa yaro ɗaura shi da cusa gefensa a ƙarƙashin shimfiɗa. A ƙara da leda babba ta kare kaya daga ruwa, da tocila da batir. In kuma Disamba ne, hunturu ya shigo, sai bargo da rigar sanyi da safa da man shafawa, waɗanda ake samu da rahusa a Ƙofar Wambai.

Na uku lafiya. Iyaye da yawa suna ɓoye ciwon yaro don kunya, ko don tsoron kada a ƙi karɓarsa, wannan kuwa cin amanar yaron ne da na masu kula da shi. Mai amosanin jini, sanyi da ƙishirwa suna tayar masa da ciwo. Mai asma, ƙura da hazo suna shaƙe shi. Mai farfaɗiya yana bukatar a san halinsa kafin ya faɗi. Mai fitsarin kwance ma, gara malami ya sani a asirce da yara su gano da safe. A rubuta wannan duka a takarda, a damƙa ta tare da magungunan a hannun jami'in da ke kula da lafiya, kada a bar ƙwayoyi a aljihun ƙaramin yaro. A sa masa ƙunshin gishiri da sukari irin na asibiti saboda gudawa, da gorar ruwa da kofi da kwano da cokali nasa.

Na huɗu abinci. Sansani yakan ciyar, don haka abin gida ƙari ne kawai. Iyayenmu sun san abin da yake jure tafiya: ƙuli-ƙuli, dakuwa, dambun nama, soyayyar gyaɗa, dabino, garin kwaki da sukari, da ɗan yaji. Fura da nono da dafaffen abinci ba sa kwana. A kuma ƙara kaɗan da niyyar rabawa. Buhari da Muslim sun ruwaito yabon da Manzon Allah ya yi wa Ash'arawa, mutanen Abu Musa, waɗanda in guzurinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ke hannun kowa a mayafi ɗaya su raba daidai. Yaron da ya ji wannan labari a gida ba zai ci kilishi a ƙarƙashin bargo ba. Kuɗi kuwa a ba shi kaɗan, masu canji. Wayar hannu sai a bi ƙa'idar masu sansani, amma ko an yarda ko ba a yarda ba, a rubuta masa lambar uba da ta uwa a takarda, ya kuma haddace ɗaya.

Sai guzurin da ba ya shiga akwati, wato ilmin da zai bukata a can. Yaron da ya kusa balaga a koya masa wankan janaba kafin ya tafi, kamar yadda yake a Ahalari, don kada abin ya riske shi cikin baƙi ya rasa wanda zai tambaya. 'Ya mace kuma uwa ta zauna da ita a kan haila, ta sa mata auduga a jaka ko da ba ta fara ba. A sanar da shi hukuncin ƙasaru kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid: tafiyar da ake rage salla a cikinta ita ce ta mil 48, abin da malamai suke ƙiyastawa da kilomita 80 da 'yan kai. Daga Hotoro zuwa Wudil ba ta kai ba, zuwa Zariya ko Katsina ta wuce. Amma matafiyin da ya yi niyyar zaman kwana 4 cikakku sai ya cika salla, saboda haka mai mako guda a sansani ba shi da ƙasaru sai a kan hanya. A koya masa hukuncin tsintuwa, cewa abin da ya tsinta ba nasa ba ne, sai ya kai wa malami a yi cigiya. Domin sauƙaƙa wa mai tsintar nasa kuma, a rubuta sunansa a jikin bokiti da buta da cikin wuyan riga.

Abu na ƙarshe yana wuyan uba shi kaɗai, ba a aika direba ko yayan yaro. Annabi Yaƙubu bai saki Binyaminu ga 'yan'uwansa ba sai da ya karɓi alkawari mai ƙarfi daga gare su, sannan ya ba su shawarar yadda za su shiga gari, sannan ya mayar da al'amari ga Allah. Haka ya kamata uba ya yi. Ya san sunan ƙungiyar da shugabanta, ya je ya ga wurin da idonsa, domin gani ya kori ji. Ya dubi katanga da ƙofa da masu gadi, ya dubi rijiya ko famfo da banɗaki, ya tambayi yara nawa ne a hannun malami ɗaya, wa yake kwana da su, mata ne suke kula da 'yan mata, wane asibiti ne kusa, wace mota ce za ta kai su, kuma da rana za a yi tafiyar ko da dare. Tun da aka sace ɗalibai fiye da 300 a makarantar kwana ta Ƙanƙara cikin Jihar Katsina a Disamban 2020, babu mai hankalin da zai ga laifin uban da ya yi irin waɗannan tambayoyi. Masu sansanin da suka ji haushin tambaya sun riga sun ba da amsa. A kuma gaya wa yaro a fili cewa babu babban da yake da ikon keɓewa da shi ko taɓa jikinsa, in hakan ta faru ya faɗa, ba za a dake shi ba.

Idan ranar tafiya ta zo, uwa ta daure ta riƙe hawayenta, domin yaro daga fuskar uwa yake gane ko akwai abin tsoro. A gaya masa gaskiya cewa zai yi kewar gida a daren farko da na biyu, kuma haka kowa yake yi. Kada a yi masa alkawarin zuwa ɗaukarsa da zarar ya yi kuka, a dai faɗa masa ranar dawowa, a kuma cika. Sannan uba ya kama hannunsa ya yi masa addu'ar bankwana kamar yadda sunna ta koyar, ya ba Allah ajiyar addininsa da amanarsa da ƙarshen ayyukansa. Ranar da ya dawo a buɗe akwati tare da shi, a bi jerin nan ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya ɓata a tambaye shi yadda aka yi, abin da ya shigo wanda ba nasa ba a mayar wa mai shi, ko da cokali ne.

Allah Ya tsare mana zuriyarmu a gida da daji, Ya kai su lafiya Ya dawo da su lafiya, Ya amfanar da su abin da za su koyo. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Haza wasalam.