Lafiyar Iyali: Ba Kowane Jan Fitsari Ne Tsargiya Ba

A Magajin Gari da ƙauyukan bakin dajin Kamuku, in yaro ya yi fitsari da jini, nan da nan mukan ce tsargiya ce, gama yaranmu ba su rabuwa da wanka a rafi. Sau da yawa haka ɗin ne. Amma in ya sha maganin tsargiya jinin bai tsaya ba, yana kuma kuka da ciwon kwiɓi ko zafin fitsari, sai mu tuna da tsakuwar ƙoda.

Ga yadda take samuwa. Akwai wani sinadari, kalsiyam, mai gina ƙashi da haƙori. Ƙodar waɗansu yara takan zubar da shi cikin fitsari fiye da kima, sau da yawa kuwa gado ne. In ruwa ya yi ƙaranci a jiki, kamar a zafin Maris da Afrilu, sai fitsari ya yi kauri, sinadarin ya kwanta kamar yashi, a hankali ya dunƙule.

A nan ne iyaye kan yi kuskure. Da sun ji kalsiyam yana cikin nono, sai su hana yaro fura da nono. Kada mu yi haka. A 2002 likitocin Italiya suka ba da rahoton gwajin da suka yi shekara 5 a kan magidanta 120 masu wannan ciwo. Rabinsu aka rage musu kalsiyam, tsakuwa ta komo wa 23. Rabin da suka rage gishiri da nama kawai, 12 ne ta komo wa. Balle yaro, wanda ƙashinsa bai gama ƙwari ba.

Gishiri ne abin tsoro, don in ƙoda za ta fid da shi, takan ja kalsiyam su fita tare. Mu duba tukunyarmu: ga gishiri, ga dunƙulen miya uku ko huɗu, ga kanwa. Ɗan cokalin shayi guda ya ishi babban mutum a yini, yaro kuwa ƙasa da haka.

Mu cika masa gora in zai tafi makaranta ko gona, ya riƙa sha har fitsarinsa ya yi fari. Matsa lemun tsami a ciki yana taimako.

In zazzaɓi ya haɗu da ciwon kwiɓi, ko amai, ko fitsari ya tsaya, kada a jira gari ya waye. A kai shi babban asibitin Birnin Gwari, a auna fitsarin, a nemi hoton ƙoda.