A Daina Jingina Amanar Sabar da Ƙwaƙwalwar Mutum Ɗaya

Kusan kowace sabar mai amfani da Linux tana da wani bawa da ba ya barci, sunansa cron. Tun zamanin Unix na shekarun 1970 yake aiki, kuma nau'in da Paul Vixie ya fitar a 1987 shi ne tushen wanda ake amfani da shi a wurare da dama har yau. Ana rubuta masa layi ɗaya mai gurabe biyar: minti, awa, ranar wata, wata, da ranar mako, sannan umarnin da zai zartar. Da wannan layin ake kwafe bayanai da ƙarfe biyun dare, ake share tsofaffin fayiloli, ake sabunta takardar tsaron shafin intanet kafin wa'adinta ya cika.

Abin da nake ƙalubalanta shi ne al'adar da injiniya zai shiga sabar, ya buga crontab -e, ya rubuta layinsa da hannu, ya fita. Wannan sakaci ne, ko da an yi masa ado da sunan ƙwarewa. Ba wanda ya duba layin, ba inda aka rubuta dalilinsa, kuma ranar da mai shi ya bar aiki, sanin ya bi shi. Ku dubi allon rubutunku: harafin r yana maƙwabtaka da e. Wanda yatsansa ya zame ya buga crontab -r ya shafe jadawalin baki ɗaya, kuma cron ba zai tambaye shi ko ya tabbata ba.

Maganin ya daɗe a kasuwa. Mark Burgess ya ƙirƙiro CFEngine a 1993, Puppet ya zo a 2005, Ansible a 2012. Dabararsu ɗaya ce: a rubuta yadda ake son sabar ta kasance a cikin fayil, a ajiye shi a Git inda kowane canji ke ɗauke da sunan mai shi da ranarsa, manhajar kuma ta daidaita kowace na'ura da abin da aka rubuta. Ko sau goma aka maimaita, sakamakon ba ya canzawa. Idan sabar ta mutu, a tayar da wata da jadawali iri ɗaya.

Masu cewa hannu ya wadatar su tuna da Knight Capital. A ranar 1 ga Agusta 2012, wannan kamfanin hada-hadar hannun jari na Amurka ya yi asarar kimanin dala miliyan 440 cikin minti 45, saboda an ɗora sabuwar manhaja a kan sabar bakwai, an tsallake ta takwas.

Masu adawa suna da hujja guda mai ƙarfi: kuskuren da aka rubuta a fayil zai bazu zuwa na'ura ɗari a lokaci guda. Gaskiya ne. Ansible ma yana da tarkonsa, domin da suna yake gane kowane aikin cron. In ka canza sunan, sai ya ƙara sabon layi ya bar tsohon, aikin ya riƙa gudana sau biyu. In ka goge aikin daga fayil ba tare da umartar a cire shi ba, zai ci gaba da gudana a ɓoye. Sai dai kuskuren da ke rubuce ana iya ganinsa, a tattauna shi, a janye shi. Na hannu kuwa, sai ɓarna ta auku ake jin labarinsa.

Kada kuma a ɗauka rubuta jadawali ya gama aiki. A ƙarshen Janairun 2017, wani ma'aikacin GitLab ya goge rumbun bayanai bisa kuskure, aka nemi kwafin ajiya aka tarar babu. Aikin kwafin ya daɗe yana faɗuwa saboda saɓanin nau'in PostgreSQL, saƙonnin gargaɗin da cron ke aikawa kuma akwatin imel yana ƙin karɓarsu. An rasa bayanan kusan awa shida. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Don haka duk shugaban da ke biyan albashin masu kula da sabar ya yi musu tambaya uku: ina fayil ɗin da ke ɗauke da jadawalinmu, wa ke samun labari idan aiki ya gaza, kuma yaushe aka gwada dawo da bayanai daga ajiya? Idan amsar ita ce "wane ne ya sani", to ma'aikatar tana rataye ne da lafiyar wane.