Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi: zare a kan masu ƙuli-ƙuli da daddawa a Zariya

1/ Jama'ar Samaru da Sabon Gari, yau da ku nake. Mu ne muke taya ƙuli-ƙulin Inna har sai ta ce "kawo" don gajiya, sannan mu shiga shago mu biya ninkin kuɗin a kan irinsa da aka zuba a roba aka manna masa takarda, ko uffan ba ma cewa. Zare ne, ku biyo ni.

2/ Ga abin da nake cewa: wannan tayin da muke yi wa masu sana'ar abinci ta hannu, zalunci ne da muka saba da shi har muka daina ganinsa. Kuma mu da muke kukan "ba su da tsafta", mu ne muka hana su kuɗin da za su yi tsaftar da shi.

3/ Mu fara da aikin, don da yawanmu ba mu san shi ba. Mai ƙuli-ƙuli za ta sayo gyaɗa, ta tsince, ta soya, ta murje, ta fece ɓawon, ta kai inji. Ta dawo ta zauna tana juya ƙullun da ruwan zafi kaɗan-kaɗan har mai ya fito.

4/ Abin da ya rage bayan an matse mai shi ne tunkuza. Ita za ta mulmula ɗaya bayan ɗaya ta soya a cikin man. Wuni guda ne a gaban murhu. Icce kuɗi, niƙa kuɗi, motar kasuwa kuɗi. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 babu wanda bai tashi ba a cikinsu.

5/ Daddawa ta ma fi wahala. A tafasa kalwa sa'o'i masu yawa har ta yi laushi, a surfa, a wanke, a sake dafawa, a rufe ta kwana biyu ko uku ta ruɓa yadda ake so, a kirɓa, a shanya. Aikin kwanaki. Sai kai kuma ka zo ka ce "Baba, ƙara min ɗaya mana."

6/ Kilishi haka. A yanyanka nama fale-fale, a shanya, a tsoma a labu, a sake shanyawa, a gasa. Nama yana ƙanƙancewa sosai in ya bushe, shi ya sa ɗan abin da ke cikin takarda yake da tsada. Mai kilishi bai cuce ka ba, ruwan naman ne ya tafi.

7/ Yanzu ku dubi ɗabi'armu. Ɗalibi zai fito daga Danfodio, ɗaliba daga Amina ko Ribadu, a sayi shawarma da lemon kwalba a biya ta taransifa ba musu. A tsallaka kasuwar Samaru, a tsaya ana ja-in-ja da dattijuwa a kan naira hamsin. Wallahi abin kunya ne.

8/ Me ya sa ba ka taya biskit a shago? Saboda an rubuta farashi, kuma mai shagon ba zai saurare ka ba. Inna kuwa ka san in ba ta sayar yau ba, babu cefanen dare. Ka gano inda take da rauni, ka danna wurin. Sunan wannan ke nan, ko da ka kira shi iya ciniki.

9/ Sai kashi na biyu: 'yan uwanmu masu sayarwa a Instagram da WhatsApp. Ba ni da matsala da sana'arku, Allah Ya sa albarka. Kun kai yaji da dambun nama da man shanu Abuja da Legas, har Ingila. Kasuwa ce da iyayenmu ba za su iya kaiwa da kansu ba.

10/ Amma wasunku a Hayin Dogo ko Bomo ko Muchia kuke sarowa. Ku matse mai yin kayan har ribarta ta koma sisin kwabo, ku juye a roba, ku manna sunanku da Turanci, ku rubuta "haɗin hannuna". Hannun wa? Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

11/ Kuma labarin ba sabo ba ne a garin nan. Sabon Gari a gefen tashar jirgin ƙasa ta taso, kamfanonin Turawa suka kafa rumbuna suna sayen gyaɗa da auduga ɗanye. Unguwar PZ ma sunan kamfanin Paterson Zochonis ta ci. Mu noma, wani ya sarrafa, ya sa suna, ya ci riba.

12/ Kakanninmu sun ga dalar gyaɗa a Kano, ta tafi Turai a buhu, ta dawo mana a gwangwani da kwali. Abin takaici yanzu mu da kanmu muke yi wa iyayenmu abin da aka yi wa kakanninmu, sai dai mu da waya da data muke yi.

13/ Na san amsar da za a ba ni: "To ai ba su da tsafta. Ƙuda, ƙura, tsohuwar gorar ruwa." Akwai gaskiya a ciki, ba zan kare shi ba. Kunun aya da zoɓo a gorar da aka tsinto a bola haɗari ne. Kilishi a buɗe a bakin titin Kwangila haɗari ne.

14/ Akwai ma wanda ya fi ƙuda, wanda ido ba ya gani: afulatoksin. Guba ce da wata fumfuna ke haifarwa a gyaɗa da masara in ba su bushe da kyau ba ko an ajiye su a danshi. Tana lalata hanta, tana jawo kansar hanta, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B.

15/ Ku lura da kyau: suya ba ta kashe wannan gubar. Roba mai sheƙi ma ba ta kashe ta. Idan gyaɗar ta lalace tun daga buhu, ƙuli-ƙulin da ke faranti da wanda ke kan kantar shago duk ɗaya ne. Takardar da aka manna ba magani ba ce.

16/ Maganin yana can baya: a busar da gyaɗa sosai, a ajiye inda ba danshi, a tsince duk ƙwayar da ta yi baƙi ko ta motse a zubar. A gona kuma akwai Aflasafe da cibiyar IITA ta Ibadan ta samar, ana watsa shi makonni kaɗan kafin amfani ya yi fure.

17/ To ku yi lissafi. Tsincewa a zubar yana nufin mudun gyaɗa ya ragu. Sabuwar gora kuɗi ce. Gyaɗa mai kyau ta fi tsada. Matar da kuka taya kayanta har ƙasa, da me za ta zubar da ko da cikin hannu ɗaya? Tayinku ne yake mayar da ruɓaɓɓiyar ƙwaya cikin inji.

18/ Abin da ya fi ba ni haushi shi ne a Samaru muke. Nan IAR take, cibiyar binciken noma da tushenta ya koma 1922, tun kafin a kafa ABU a 1962. Irin gyaɗar da ake kira SAMNUT, "SAM" ɗin nan Samaru ce. Ga NAERLS ta wayar da kan manoma. Ga NAPRI a Shika.

19/ Ilimin gyaɗa da nono da hatsi yana cikin katanga, masu sarrafa su suna bayan katanga, titi ɗaya ne tsakani. Mu ɗalibai da muka gama ko muke ciki, mu ne ya kamata mu tsallaka da shi. Sai muka zaɓi mu tsallaka mu yi tayi.

20/ Wani zai ce "su yi rajistar NAFDAC mana". Ya kamata, don lafiyar mutane ce. Amma rajista tana son ɗaki na musamman, takardu, gwaji, kuɗi, da wanda ya iya cike fom a intanet. Dattijuwa ɗaya mai kasko ɗaya ba za ta iya ba. Mata goma da suka haɗu, da ɗa ɗaya mai waya, za su iya.

21/ Don haka ga buƙatata. Mai saye: in kuɗinka bai kai ba, ka rage yawan abin da za ka saya, kada ka rage mata farashi. Na san aljihun ɗalibi, kowa yana ji a jikinsa. Amma na ɗari biyu a farashinta ya fi na ɗari uku da ka ƙwata a ɗari biyu.

22/ Mai sarowa ta sayar: ki biya farashin da zai sa a tsince gyaɗa, ki kai sababbin robobi da kanki, ki biya a kan lokaci, ba "sai na sayar" ba. In ta yarda, ki faɗa wa kwastomominki daga wace unguwa kayan suka fito. Ki daina cewa haɗinki ne in ba ke kika haɗa ba.

23/ Iyayenmu masu sana'a, da girmamawa: gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. A rufe kaya, a bar tsohuwar gora, a zubar da gyaɗar da ta yi fumfuna. Ku faɗi farashinku ku tsaya a kai. Wanda ya san darajar kayan zai dawo.

24/ In muka ci gaba a haka, 'ya'yan masu daddawa ba za su gaji sana'ar ba, kuma ba za a zarge su ba. Ranar da babu mai dafa kalwa a Zariya, miyar kuka za ta koma ta dunƙulen kamfani zalla, a farashin da ba mai tayawa.

25/ Wanda yake ganin na yi kuskure, ga fili nan, ya kawo hujja. Wanda kuma mahaifiyarsa ko kakarsa ke wannan sana'a, ya faɗa mana nawa take kashewa a mudu ɗaya, nawa take samu. Mu ji daga bakin masu abin.